Soson Da Ke Ƙarƙashin Tsirkiya

Zuwa ga Baffa mai ganga,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fata kana lafiya, da aiki, da ƙafar nan da Gwaggo ta ce tana damunka in ka daɗe a tsaye. Mu nan lafiya lau. Umma ba ta san na rubuto maka ba tukuna, amma na san da ta sani da ta ce in gaishe ka, don haka tana gaishe ka.

Wataƙila ba za ka gane ni ba. Ni ce autar ɗan'uwanka mai jitar bes, jitar nan mai kaurin sauti, wanda kakanku ɗaya, Allah ya jiƙansa. Sau ɗaya ka taɓa ganina, ina 'yar shekara biyar, ka sa min suna Uwar Gardama, kuma har yau a gida sunan bai sake ni ba. Gwaggo ce ta yi min kwatancen ma'aikatar fasa dutsen da kake naɗin wayar injuna. Ta ce ba ka ɗaukar waya saboda kunnenka, sai dai in ba direban tifar da ke zuwa wajenku takarda.

Ga abin da ya kawo ni. Jitar Baba a hannuna take, ita da tsohuwar amfilifayarsa, akwatin nan mai ƙara sauti. Ranar da na karɓe ta na wanke ta tas na goge, yanzu har ƙyalli take yi. Shekara uku ke nan ina bugawa a wata ƙungiya, mu biyar ne, muna bita da yamma in na tashi daga gidan wanki da gugar da nake aiki. Shugabanmu mai fiyano ne, Oga muke ce masa. Nan da mako shida manajan wani babban ɗakin taro zai saurare mu, in mun yi masa, duk Asabar tamu ce har shekara.

Jiya a gaban kowa Oga ya ce bes ɗina kukan sauro ne a cikin gwangwani, ba zai cika babban ɗaki ba. Ya ce zaɓi uku gare ni: in sayi sabuwar amfilifaya, ko in kai jitar Baba a yi min musaya da ta zamani, ko in koma gefe, hannunsa na hagu ya riƙa yin bes a fiyano. Na je na tambayi kuɗin amfilifayar, mai shagon ya faɗa, na yi masa sai an jima. Jitar kuwa ba ta fita daga hannuna, kuma ba zan koma gefe ba. Na faɗa masa haka ido da ido.

Amma Baffa, tsakanina da kai, Oga bai yi ƙarya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Akwai wani tsohon kaset ɗinku a gida. In na kunna shi, bes ɗin Baba a ƙirji yake dukan mutum. Jitar ita ce, amfilifayar ita ce, amma ni nawa sai wani siririn kuka mai ja. Shekara goma sha ɗaya ka yi a bayansa kana ganga. Mene ne yake yi wanda ban sani ba? Ka gaya min abin da ba ya buƙatar kuɗi, don shi kaɗai nake iyawa.

'Yarka,
Uwar Gardama

*

Baffa,

Ina gaisuwa, ina fata ƙafa da sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai ƙonewar dutsen guga a hannun hagu, ta kusa warkewa.

Yau kwana goma sha shida da na ba direba takarda, shiru kake ji. Ban zauna jiranka ba. Mai ƙaramar jitarmu ya ce tsirkiyoyin Baba ne suka mutu da datti, in dafa su. Na kwance su huɗun, na zuba a tukunya na tafasa, ruwan ya fito baƙi ƙirin da wani maiƙo a sama, har raina ya yi fari. Da na mayar da su sai abin ya ƙara lalacewa, ƙarar ƙarfe kawai ke tashi, kacau-kacau. Sai na murɗe maɓallin bes na amfilifaya har ƙarshe. Yanzu tagogin ɗakin bita rawa suke yi, amma mai gangarmu ya ce wallahi bai san me nake bugawa ba, gurnani kawai yake ji. Oga murmushi kawai ya yi, kuma gara zagi da wannan murmushin.

Gwaggo ta ce kai da Baba kun daina magana tun ina ƙarama, har ya rasu ba ku shirya ba. Ba ta gaya min dalili ba. In shi ya sa ka yi shiru, ka fito ka faɗa, in san ba ni da Baffa a wannan maganar. Ni ban yi maka komai ba.

Uwar Gardama

*

Uwar Gardama,

Lafiya lau nake, ƙafa sai godiya. A gaishe da Ummanki da Gwaggonki. Takardarki yau ta zo hannuna, tifar ce ta lalace a hanya, takardar ta yi ta kwana a aljihun mota. A tsaye nake rubutu, direba na ta danna min oda.

Kada ki sayi komai. Kada ki canza komai. Ki kwance murfin ƙarfen da ke gindin jitar, inda tsirkiyoyi suke hawa kan jaki, ɗan ƙarfen da ke ɗauke da su, ki gaya min abin da kika gani a ƙarƙashi. Sai na ji wannan zan yi magana.

Baffanki

*

Baffa,

Na gode Allah da kake lafiya. Umma na amsawa, yanzu ta sani, ta ce ashe kana raye.

Na cika maka takarda gaba da baya, ka aiko min da layi biyar. Kada in sayi komai, kada in canza komai. Na gane. Wato ni ban kai a kashe wa kiɗana ko sisi ba, in zauna yadda nake har Oga ya kore ni cikin mutunci. Haka wani kawuna ya ce min ranar da na ɗauki jitar, wai in rataye ta a bango don tunawa da marigayi. Ban rataye ba, kuma ba zan rataye don kai ba.

Tambayarka kuwa, ba sai na kwance murfi ba, na san abin da ke ciki: babu komai. Ranar da na karɓi jitar na buɗe wajen, na tarar da wani guntun soso an cusa a ƙarƙashin tsirkiyoyi, baƙi, ya sha gumi da ƙura, yana wari. Da tsinke na zaƙulo shi na jefa a shara, na wanke hannuna sau biyu. Aikina ke nan, Baffa, daga safe zuwa yamma datti nake cirewa daga kayan mutane, ba zan bar shi a kayan ubana ba.

Saura mako uku ba kwana biyu. Oga ya fara gwada bes ɗinsa na hannun hagu a gabana, yana yi yana kallon silin. Ranar zan je, zan tsaya a wurina, zan buga. In za a ji kunya a ji, amma ba wanda zai ce na gudu. In kana da abin faɗa ka faɗa, in babu, na gode da layi biyar ɗin.

Uwar Gardama

*

Uwar Gardama,

Ina amsa gaisuwarki. Ki riƙa shafa wa ƙunar nan mai, kada ta bushe ta tsage, hannun hagu shi ne jarinki. Ni ƙafa ta ɗan kumbura makon nan, kunnen dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu yana nan yana lallaɓawa.

Takardunki biyu tare suka iso, ta dafa tsirkiya da ta faɗan da kika yi min. Na karanta ta farko na dafe kai, na karanta ta biyu na ajiye aiki na fita waje na yi ta zagaye. Ke yarinyar nan! Soson da kika zaƙulo da tsinke kika jefar, shi ne sautin da kike nema. Shekara uku kina neman abin da kika kai shara da hannunki, sannan ki zo kina yi min tsiwa a takarda. Ban ce ba ki kai a kashe miki kuɗi ba. Cewa na yi kada ki saya, don abin da ya ɓace ba a shago yake ba. Layi biyar kuwa, ki tambayi direba, shi ya hana ni na shida.

To ki buɗe kunne, tun da ke naki biyun suna aiki.

Tsirkiyar bes in an sake ta, ja take yi, sautin farko bai mutu ba na biyu ya hau kansa, sai su cakuɗe. Soso ne ke kama mata wutsiya. Ki samu guntu mai kaurin yatsa biyu, ki cusa a ƙarƙashin tsirkiyoyin huɗu, ya jingina da jaki. Kada ya yi laushi, ba zai yi komai ba, kada kuma ya yi tauri ya shaƙe ta. In kin ja tsirkiya ta ce dum ta ɗan numfasa ta tsaya, kin samu. Tsohon soson da aka daɗe ana zama a kai ya fi sabo.

Maɓallin bes da kika murɗe har ƙarshe, ki dawo da shi tsakiya, ki ɗan gota kaɗan. Can ƙasa sosai taga kawai yake girgizawa. Abin da ke dukan ƙirji yana sama da shi kaɗan, a maɓallin tsakiya, shi za ki ƙara. Na ƙarar sama ki rage shi har kacau-kacau ɗin nan ta kwanta. Kuma na rantse amfilifayar a kan kujera kike ɗora ta don kada ta yi ƙura. Ki sauke ta ƙasa, ki kai ta kusurwar ɗaki, bango biyu su taya ta.

Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda ke ɗaukar sauti, yana nutsewa da shekaru. Ki danne tsirkiya a can ƙarshen wuyan jitar, ki sa sukundireba ki ɗago shi a hankali har ratar ta zama kamar kaurin tsinken ashana biyu. Kada ki wuce haka. In za ki ja tsirkiya, da tsokar yatsa za ki ja, ba da farce ba, yatsan ya wuce ya kwanta a kan ta kusa da ita. Ba ƙarfi ake sawa ba. Tsirkiyoyin kuma kin yi musu wankan ƙarshe. Goge su kawai za ki riƙa yi da ƙyalle, gumin hannunki zai dawo musu da nauyi a hankali. Wanda ya ce ki dafa su, ki ce ina gaishe shi, ya tsaya a kan ƙaramar jitarsa.

Na ƙarshe shi ne babba, kuma ni kaɗai zan gaya miki don ni ne na zauna a baya. Rabin dukan da kike ji a kaset ɗin nan ƙafata ce. Ubanki ba ya kallon jama'a, ƙafata ta dama yake kallo. Ina taka babbar ganga yana jan tsirkiya, lokaci ɗaya, sai su zama abu ɗaya. Ki tsaya a gefen da za ki ga ƙafar mai gangarku. Kuma ki rage yawan abin da kike bugawa. Ubanki rabin abin da ya iya yake fitarwa, sauran yana barinsa a aljihu.

Maganar ni da shi, ba da ke ba ce, kuma ba yau ba. Oga kuma kada ki bar masa wurinki. Hannun hagu na fiyano bai taɓa zama bes ba.

Baffanki

*

Baffa,

Gaisuwa mai yawa. Yaya kumburin ƙafa? Gwaggo ta ce ka riƙa ɗora ta a kan wani abu in ka zauna, ta kuma ce ta san ba za ka yi ba. Ƙunata ta warke.

Takardarka ta zo saura kwana huɗu. Na karanta maganar soson na zauna a bakin gado na yi kuka, na haushi da na kewar Baba gaba ɗaya. Sannan na tashi na ɗauko sukundireba. Maganaɗisu ya ɗago, maɓallai sun koma inda ka ce, amfilifaya ta sauka daga kujera (e, a kujera take, kada ka yi min dariya). Nan take abin ya canza. Soso ne ya ba ni wuya. Na wajen aikinmu ya yi laushi, na katifata ya yi tauri, na gwada har da na kafaɗar wata tsohuwar kwat. Ko dai tsirkiyar ta yi ta ja, ko ta shaƙe. Ranar Asabar da na katifa na tafi, raina ba daɗi.

Da la'asar muka isa ɗakin taron. Ban taɓa buga kiɗa a ɗaki mai girmansa ba. Muna jera kaya Oga ya zo ya ce, “Ke, ki rage ƙararki yau, ki bi ni a hankali, hannuna na hagu zai ɗauki nauyin.” Na ce, “Oga, bes aka kawo ni in buga, ba rakiya ba.” Ya ce za mu gani. Na ja amfilifaya zuwa kusurwa, na tsaya inda nake ganin ƙafar mai ganga.

Sai idona ya faɗa kan kujerar fiyanon Oga. Tsohuwa ce, shekara da shekaru yake zama a kai, fatarta ta yage a gefe, soso ya leƙo. Na danna da yatsa. Baffa, shi ne. Ba laushi, ba tauri. Oga ya fita tarbar manaja, ni kuwa ɗan almakashin da nake yanke zare a wajen aiki yana jakata. Mai ganga ya ce, “Ke, me kike yi?” Na ce ya kalli gabansa. Yatsa biyu na yanko, na zare na katifa na cusa shi. Na ja babbar tsirkiya sau ɗaya, ta ce dum, ta numfasa, ta tsaya. Mai ganga ya ce, “La ila.”

Manajan ya zauna a tsakiyar ɗaki yana danna waya. Muka fara. Ban kalle shi ba, ban kalli Oga ba, ƙafar mai ganga kawai nake bi, kuma rabin abin da na saba na buga. Ban taɓa jin abu irin wannan ya fito daga hannuna ba, ta tafin ƙafata nake jin sa yana hawowa. Muna tsakiyar waƙa ta biyu manajan ya ɗaga hannu muka tsaya. Ya ce, “Mai fiyano, ɗauke hannunka na hagu, kana tare min bes.” Wallahi haka ya faɗa. Oga ya ɗora hannun a cinya har muka gama. An ba mu Asabar ɗin, shekara guda.

Amma ba a rabu lafiya ba. Oga ya lura kujerarsa ta karkata, ya shafa gefe, yatsunsa suka faɗa rami. Ya dubi jitata ya gane. Ya ce ban da tarbiyya, kujerar nan tun ta malaminsa ce, me ya hana in tambaya? Na ce da na tambaya da ya hana, kuma soson nan ne ya samo mana aiki, ya kamata ya gode min. Ya ce in mayar. Na ce fatar zan ɗinke masa kyauta, amma soso ya zauna ke nan. Wurina dai yana nan, ba wanda ya isa ya taɓa shi yanzu. Sai dai yau kwana tara bai yi min magana ba, ta bakin mai ganga yake aiko min da saƙo, ni ma ta nan nake mayar masa. Ba zan fara ba, don ban ga laifina ba.

Na gode, Baffa. Na janye maganar layi biyar.

'Yarka,
Uwar Gardama

*

Uwar Gardama,

Lafiya lau. Ki gaya wa Gwaggonki na ɗora ƙafar, sau ɗaya. Na karanta wa abokan aikina maganar hannun hagu, har mai gadi sai da ya riƙe ciki. Kin yi abin da ya kamata, ina alfahari da ke. Amma da na zo kan almakashi, dariyar ta tsaya min.

Kin tambayi abin da ya raba ni da ubanki. Soson da kika jefar a shara, daga kujerar gangata ya yanko shi, da reza, na fita shan ruwa ana saura kaɗan mu hau dandamali. Ranar bes ɗinsa ya yi daɗin da bai taɓa yi ba. Da muka sauka na ce me ya hana ya tambaya, ya ce da ya tambaya da na hana. Na ce ya mayar, ya ce ya zauna ke nan. Kalmominki ne sak, har na ji kamar muryarsa. Muka fara aika saƙo ta bakin mai ƙaho. Daga soso magana ta koma kan wa ya fi wa amfani a ƙungiya, daga nan ta koma kan abubuwan da ba zan rubuta ba. Da aikin nan ya samu na tafi ban yi masa sallama ba. Kullum ina cewa shi zai fara, shi ma na san haka yake cewa. Shekara ashirin da huɗu, sai direba ne ya kawo min labarin rasuwarsa.

Kujerar tana nan, a kanta nake zama ina naɗin waya, ramin ma yana nan, ban taɓa cike shi ba. Ki duba cikin ambulan, na naɗe miki wani abu a takarda. Daga gefen ramin na yanko, kaurin yatsa biyu. Ki sa shi a jitar, ki zare na Oga ki kai masa da hannunki, ki yi masa magana da bakinki, ba ta bakin mai ganga ba. Kada ki ba shi haƙuri a kan kiɗanki, ko a kan wurinki, waɗannan naki ne. A kan kujera kawai. Kwana tara ya isa haka.

Kuma kada ki wanke wannan, na roƙe ki.

Har gobe ina kan bakana, ya kamata ubanki ya tambaye ni. Da ya tambaya, da kujerar gaba ɗaya na ba shi.

Baffanki mai ganga